Daga Liyon zuwa Damagaram: abin da na gani game da haƙorin mai ciki da na jariri

Assalamu alaikum ƴan'uwana na gida, musamman ke ƙanwata da ke Birni, wadda na ji labarin cikinki ya shiga wata na biyar. Allah ya raba lafiya.

Haihuwata biyu a Zinder, ta uku a nan Faransa. A cikin biyun farko na je awo yadda ya kamata, an auna jini, an ba ni ƙwayoyi da gidan sauro, amma ba wanda ya taɓa cewa in buɗe baki. Dasashina na zubar da jini duk safiya, Inna ta ce ai haka ciki yake, ɗa ne ke shan haƙorin uwarsa. A cikin na biyu na rasa haƙorin turmi guda.

A nan kuwa, hukumar inshorar lafiya ce da kanta ta aiko mini takarda. Tun daga wata na huɗu, mai ciki na da damar ganin likitan haƙori ba tare da ta biya ko sisi ba. Ganin likitan a kan kuɗi yuro 23 ne, wajen jika goma sha biyar kenan na sefa. Likitar ta duba, ta kankare dattin da ya daskare a gindin haƙora, sannan ta ce mini jariri ba ya ɗaukar komai daga haƙorin uwa. Canjin jiki na ciki ne ke kumbura dasashi, amai kuma tsaminsa ke cin haƙori. Ta ce in na yi amai in kurkure da ruwa, kada in goge nan take, in jira kamar rabin awa. Na yi shiru ina tuna turmina.

Kada ku zaci komai daɗi ne. Samun rana wurin likita sai ka jira makonni, wani lokaci watanni, kuma alewa da lemon kwalba sun cika kantuna har sun fi na Kasuwar Dole yawa. Na ga yaran Turawa ƴan shekara uku da haƙoran gaba baƙi ƙirin, saboda an saba kwantar da su da bibero, wato kwalbar shayar da jariri, mai zaƙi a baki. Nonon uwa da muke bayarwa har kusan shekara biyu, da aswakinmu, ba abin rainawa ba ne. Na nuna wa likitar aswakin da Baba ya aiko mini, ta juya shi a hannu, ta ce in ci gaba, amma in haɗa da buroshi da man goge baki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne maganar "haƙori ne". Yaro na zawo, jiki zafi rau, sai a ce a bar shi, haƙori yake yi. Fitar haƙori, wadda ke farawa wajen wata shida har su cika ashirin kusan shekara uku, tana kawo dalala da ƙaiƙayin dasashi da rigima. Zawo da zazzaɓi mai ƙarfi ciwo ne daban, na asibiti. Mu da muke da cibiyar Sentinelles a garinmu, inda ake jinyar yaran da cutar noma, wato ciwon da ke farawa daga dasashi ya ci naman fuska, ta ci wa kunci, mun san inda ƙaramin gyambon dasashi kan kai yaron da ba ya samun abinci sosai. A Disamban 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In kin ga dasashin yaro ya kumbura, yana jini, baki na wari, ki ɗauke shi ranar.

Ƙanwata, tun kafin haƙori ya fito ki riƙa share masa dasashi da tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya huce. Da na farko ya leƙo, buroshi mai laushi, da man goge baki daidai ƙwayar shinkafa, safe da dare. Kada ki tauna abinci ki ba shi, kada ki sa masa zuma kafin ya shekara.

Na saka buroshi huɗu na jarirai cikin kayan da zan ba mai zuwa gida bayan salla. Biyu naki ne, biyu ki ba matar Yaya. Ki gaida mini Inna.