Soket ɗin tirela a cikin bodin a-kori-kura: haɗaɗɗiyar waya ko yanke-da-haɗi?

Ɗan'uwa, ka ce kana da Ford F-250 da aka shigo da ita daga Amurka, kana so ka riƙa jan tirela irin mai dogon wuya wadda ake ɗaurawa a tsakiyar bodi, kuma wayarta ba ta kaiwa soket ɗin da ke jikin bamba sai an ratayo ta a kan ƙofar baya. Tambayarka ita ce, ka sayi haɗaɗɗiyar waya ta kamfani, ko kuwa ka bar mai gyaran wutar mota ya yanka wayoyin motar ya jona sabon soket?

Dukkan hanyoyin biyu abu ɗaya suke kaiwa cikin bodi, wato soket mai baki 7 irin na Amurka, wanda ke ɗauke da fitilun baya, sigina ta hagu da ta dama waɗanda kowacce take haɗe da fitilar birki, wayar birkin lantarki na tirela, wutar batir mai ƙarfin volt 12, fitilar ribas, da wayar da ke komawa jikin ƙarfen mota. Bambancin yana wajen yadda ake ɗauko wutar.

Haɗaɗɗiyar waya tana zuwa da reshe biyu. Ana cire fulogin da ke bayan soket ɗin bamba, a sa ta a tsakani, sai reshe ɗaya ya koma bamba, ɗayan kuma a bi da shi ta gefen shasi har zuwa bangon bodi. Ba a yanka komai, soket ɗin bamba yana ci gaba da aiki, kuma ranar da za ka sayar da motar kana iya cirewa ka mayar da komai yadda yake. Aibinta shi ne tsada da wahalar samu, domin dole ta dace da samfurin motarka da shekararta.

Yanke-da-haɗi ya fi araha, kuma duk garin da ka shiga za ka sami mai yi. Sai dai a nan ne nake da ja. Haɗi bakwai ne za a yi a ƙarƙashin mota, inda ruwan damina da laka da ƙura suke, kuma idan murɗawa kawai aka yi aka naɗe da salatif, ba za a daɗe ba tsatsa ta shiga, fitilu su fara kashe-kunna. Wayar birki da ta batir suna bukatar waya mai kauri, lamba 10 ko 12 a ma'aunin Amurka, amma sau da yawa siririyar da ke hannu ake sakawa. Bugu da ƙari, motocin zamani suna da kwamfutar da ke lura da fitilu, kuma haɗin da bai yi kyau ba yana iya sa ta nuna matsala ko ta katse layin. Idan dole ce ta sa, a yi haɗin da dalma, a rufe shi da robar da ke tsukewa idan ta ji zafi.

Huda bodi kuwa babu makawa a kowace hanya. An fi yin ramin a bangon ɓangaren direba, tsakanin tudun taya da ƙofar baya, faɗinsa kimanin inci 2, bayan an leƙa an tabbatar babu komai a bayansa. A shafa fenti a bakin ramin, a kuma nisanta waya daga salansa. Ka duba shekarar motarka tukuna, domin tun daga samfurin 2017 bodin F-250 na alminiyam ne, kuma sukurori na ƙarfe tsirara suna cin alminiyam idan danshi ya shiga tsakaninsu.

Ni dai haɗaɗɗiyar waya zan zaɓa ko da zan jira a kawo mini ita. Kafin ka biya kuɗi, ka dubi fulogin tirelar: idan na Turai ne mai zagayayyun ƙusoshi 7 ko 13, ba zai shiga soket ɗin Amurka ba, kuma tunda a tsarin Turai wayar fitilar birki daban take da ta sigina, sai ka ƙara da na'urar da ke raba su.