Daga Heidelberg zuwa Sakkwato: kayan rainon ƙwayoyin kansa

Malam, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya, ga amsar tambayarka kan abin da ake buƙata don rainon ƙwayoyin kansa a ɗakin gwaji a Sakkwato, da yadda ya bambanta da nan.

Ilimin dai ɗaya ne, nan Jamus da gida. Bairos ɗin HPV, mai jawo kansar bakin mahaifa, cikin ƙwayoyin gadonsa akwai biyu masu haddasa kansa, E6 da E7. Na farko yana sa a rushe furotin p53, na biyu ya ɗaure furotin pRb, waɗanda su ne birkin rabuwar ƙwaya, sai ƙwayar halittar da ya kamata ta balaga ta tsaya, ta yi ta hayayyafa. HeLa, wato jerin ƙwayoyin kansa da ake raino a ɗakin gwaji, da aka ɗebo daga kansar bakin mahaifa a 1951, tana ɗauke da HPV18. SiHa da CaSki, wasu jerin irinta, kuwa HPV16. In aka toshe bakin E6 da E7 a HeLa, cikin 'yan kwanaki za ka ga ta daina rabuwa, ta baje a gindin faranti, ta tsufa.

Bambancin yana wajen hidima. Nan in ka yi odar ruwan raino na DMEM da ruwan jinin ɗan tayin saniya, wanda ake zuba kashi 10 cikin 100, kamfani zai kawo na jinin a daskare cikin busasshiyar ƙanƙara. Namu kuwa sai ya biyo ta Legas ko Abuja, ya kwana wajen kwastan, ya iso a narke.

Sai inkubeta, akwatin da ake rainon ƙwayoyin a ciki. Digiri 37 take riƙewa, amma irin da aka saba saya ɗumamawa kawai ta iya. Bazarar Sakkwato tana wuce 40, don haka a fara sayen na'urar sanyaya ɗaki da sola mai batir tukuna. Janareta kaɗai ba abin dogaro ba ne. Haka silindar kabon dayoksaid, kashi 5 ake so a iskar inkubeta. Nan biyu ake jonawa, ɗaya ta ƙare ɗaya ta karɓa da kanta. In iskar ta yanke, jan ruwan zai koma shunayya. In ya yi rawaya ya gurɓace, bakteriya ce, kuma ƙurar hunturu kan shigo da ita.

Wadda ta fi ɓarna ita ce maikoplasma, wata 'yar mitsitsiyar bakteriya, don ruwan yana nan garau alhali ta sauya yadda ƙwayoyin gado ke aiki, ka ɗora wa E7 laifin da ba nasa ba. Nan gwada ta da PCR, gwajin da ke gano ƙwayoyin gadonta, aikin yau da kullum ne. Ku ma ku riƙa yi duk wata.

Ajiyar ƙwayoyin mai tsawo sai ruwan naitirojin, digiri 196 ƙasa da sifili, da DMSO, sinadarin da ke kare su daga illar daskarewa, kashi 10. A bincika min wa ke cika tanki kusa da ku kafin in turo komai.

A gaida ɗalibai.