Aikin jijiyar ƙwaƙwalwa da aka yi wa Inna a Alkahira

Da fatar ido abin ya fara. Inna ta kwana uku tana ciwon kai a bayan idon dama, aka sayo maganin zazzaɓin cizon sauro a kemis, aka ƙara da na taifot. Ranar ta huɗu da asuba ƙanwata ta kira ni: "Yaya, zo ka ga idon Inna." Fatar idon ta sauko ta rufe ruf. Da na ɗaga ta da yatsa sai na ga baƙin idon ya buɗe fiye da na hagu, tana kuma ganina mutum biyu. Maƙwabta suka ce iska ce ta buge ta.

Likitan ido a nan Kano shi ya fara ceton ta, Allah Ya saka masa. Ko maganin ɗigawa bai rubuta ba, ya ce a yi hoton CT na jijiyoyin kai a ranar, irin wanda ake allurar ruwa mai haska jijiya. Hoton ya nuna bangon wata jijiyar jini a ƙasan ƙwaƙwalwa ya yi laushi ya kumbura kamar balan-balan, yana danne jijiyar da ke ɗaga fatar ido. Aniyurizim suke kiran sa. Inna ta shekara goma da hawan jini, tana shan magani ne kawai in kanta ya sara, kuma hawan jini da taba sigari na kan gaba a abubuwan da ke jawo shi. Idan ya fashe, jini ya malala kewayen ƙwaƙwalwa, da yawa ba sa kaiwa asibiti.

Hanya biyu aka shimfiɗa mana. Ko a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe, aikin da Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937, ko a bi ta cikin jijiyar jini a cusa masa siririyar waya ta ƙarfen filatinom har ya toshe, dabarar da Guido Guglielmi ya fito da ita wajajen 1990. Muka zaɓi ta biyu, muka sayar da fili, muka nufi Alkahira. Kwanakin jiran biza su ne mafi tsawo a rayuwata. Ko tari Inna ta yi sai gabana ya faɗi.

Aikin kansa ba ni da abin cewa sai yabo. Likitan ya zaunar da mu, ya juya hoton a kwamfuta, ya nuna kumburin, milimita bakwai, bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ya faɗi haɗarin ba ɓoye-ɓoye: zai iya fashewa ana cikin aiki, ko gudan jini ya toshe wata jijiya ɓarin jiki ya shanye. Da na fassara wa Inna sai ta ce, "To, ɗan nan, ka ce masa ya yi bismilla kawai." Aka sa ta barci, aka huda jijiyar matsematsi, aka zura siririn bututu har cikin kai ana kallo a allo. Awa biyu da wani abu suka fito da ita, kanta da kitsonta yadda ta shiga, sai 'yar filasta a cinya. Wahalarta ɗaya, an hana ta lanƙwasa ƙafar na awa shida, ita da ba ta iya kwanciya rigingine. Wata nas ta zauna tana matsa mata baya, ba Hausa ba Larabci tsakaninsu, amma sun fahimci juna.

Inda raina ya ɓaci shi ne sallama. Takarda aka miƙo mana da Turanci, tafintan da muka biya ya ɓace tun da ya karɓi kuɗinsa, babu wanda ya ce mana wayar na iya matsewa bayan watanni, jini ya sake samun hanyar shiga, don haka dole a sake hoto. Sai da muka dawo gida likitanmu ya karanta ya ce a yi MRI na jijiyoyi bayan wata shida. Da ba mu koma wajensa ba fa? Kuɗin ma ya haura abin da dillalin da ya haɗa mu da asibitin ya faɗa mana, don kowace waya da farashinta, Inna kuma biyar aka sa mata. Duk mai shirin tafiya ya nemi lissafi a rubuce daga asibitin da kansa, ya tambayi kuɗin waya ɗaya, ya kuma karɓo faifan hotunan aikin kafin ya bar ƙasar.

Idon bai buɗe nan take ba, Inna har ta fara cewa an ci kuɗinmu a banza. A wata na biyu fatar ta fara ɗagawa, a na huɗu ta daina ganin biyu. Hoton wata shida ya nuna kumburin a toshe. Maganin hawan jini kuwa yanzu ƙanwata ke ba ta a hannu kowace safiya bayan sallah, tana tsaye har ta haɗiye.