Mastar Wilwood ko Hydro-Boost: wane birki ya dace da Chevrolet C10 mai ƙaton inji?

A Amurka, ɗaya daga cikin a-kori-kurar da masu son gudu suka fi taɓawa ita ce Chevrolet C10, musamman ƙirar 1967 zuwa 1972. Sukan cire tsohon inji su ɗora injin V8 na zamani irin LS na kamfanin General Motors, su ƙara masa kamshaf mai daɗewa bai rufe bawul ba. Inji ya yi ƙarfi, sai birki ya ƙage kamar an taka dutse. Laifin ba na kalifa ba ne, wato abin da ke matse faifan birki a taya, ba kuma na man birki ba. Bustar birki, wannan baƙar gangar da ke ƙara wa takun ƙafa ƙarfi, wadda ke bayan masta (famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi), da zuƙar iskar inji take aiki, kuma tana so agogon awon zuƙar ya nuna inci 16 zuwa 18 idan mota tana silo. Babban kamshaf yakan sauko da wannan awo zuwa 10, wani lokaci ƙasa da haka. Takun farko birki ya kama, na biyu ya yi rauni, na uku ƙafarka ce kaɗai ke tsayar da motar da ta doshi tan biyu.

Akwai kaya biyu da ake yawan saye don magance wannan: mastar Wilwood ta alminiyom mai ɗaki biyu, wadda ake ɗaurawa ba tare da busta ba, da kuma Hydro-Boost, wanda kamfanin Bendix ya ƙirƙiro a shekarun 1970, mai karɓar ƙarfi daga famfon sitiyari.

Mastar Wilwood aikinta mai tsafta ne. Ba ta da nauyi, tana zuwa da faɗin fistin iri-iri: inci 7/8, 15/16, 1 da 1-1/8. Da an cire busta, gefen inji ya samu fili, kuma babu tiyon iska da zai tsage. Abin da ya fi jan masu tsere gare ta shi ne yadda feda ke gaya wa ƙafa gaskiya: gwargwadon takunka, gwargwadon kamun taya, har kana jin lokacin da taya ke dab da kullewa. Ko inji ya mutu a gangara, birkin bai canza ba.

Amma wannan birki lissafi ne, kuma a nan mutane da yawa suke cutar kansu. Birkin faifai yana bukatar matsin mai kusan psi 1,000 (psi ma'aunin matsi ne) kafin ya yi kamu mai kyau. A ce ƙafa ta danna da nauyin kilo 45. Idan fedar tana ninka ƙarfi sau 6, kilo 270 ne ke isa ga masta. Fistin mai inci 7/8, wato milimita 22, zai mai da shi kusan psi 1,000. Yanzu a ɗauki motar da aka cire mata busta kawai, aka bar fedarta mai ninki 4 da masta mai inci 1-1/8. Ƙafa ɗaya, taku ɗaya, matsin da zai fito bai wuce psi 400 ba. Wannan shi ne aiki mafi haɗari da ake yi wa waɗannan motoci, kuma daga waje ba a ganewa sai ranar da wani ya tsaya kwatsam a gabanka.

Auna ninkin feda ba wuya. A auna daga ƙusar da fedar ke lilo a kai zuwa tsakiyar wurin taka ƙafa, a raba da tazarar da ke tsakanin wannan ƙusa da ramin sandar da ke tura masta. Santimita 36 a raba da 9 ya ba da 4. Idan aka huda sabon rami a santimita 6, ya koma 6. Matsar da ramin sama yana canza kusurwar sandar, don haka dole a tabbata tana shiga masta a miƙe; in ta karkace sosai za ta riƙa cin gefen fistin har mai ya fara yoyo. Sannan a sa mata abin riƙewa da abin tare feda daga baya, domin a birkin da babu busta sandar tana iya zamewa ta faɗo idan feda ta dawo da yawa. In ta faɗo, feda ƙasa za ta tafi babu komai.

Akwai kuma abin da ƙaramin fistin ke ci. Yana ba da matsi, amma man da yake turawa kaɗan ne, saboda haka feda tana yin zurfi. Idan motar tana da manyan kalifa masu fistin shida a gaba da huɗu a baya, 7/8 na iya ƙarewa dab da ƙasa, sai a koma 15/16 a haƙura da ɗan ƙarin tauri. Wanda ke tuƙi cikin cunkoson gari kullum, ko yake jan tirela, ƙafarsa za ta gaji da wannan birki komai kyan lissafinsa.

Hydro-Boost babu ruwansa da zuƙar inji, shi ya sa General Motors da Ford suka daɗe suna sa shi a manyan a-kori-kura masu dizal. Injin dizal ba ya samar da zuƙar da busta ke so. Bakanikan da suka saba da tsohuwar Hilux mai injin 3L ko 5L sun san Toyota ta warware wannan ne da ƙaramin famfo a bayan altaneta. Hydro-Boost ya bi wata hanya: man sitiyari mai matsi yana fara shiga cikinsa kafin ya wuce akwatin sitiyari. Siriri ne, bai kai faɗin busta ba, don haka yana shiga inda murfin bawul na babban inji ya hana ganga zama. Ƙarfinsa kuwa ya fi na kowace busta ta iska da za ta iya shiga wannan wuri. Ana haɗa shi da masta mai inci 1-1/8 da feda mai ninki 4 zuwa 5. Idan aka ba shi ƙaramar masta, birkin zai yi zafin kamu har ya riƙa kulle taya da ɗan taɓi.

Inda yake ba da wahala shi ne wurin haɗa bututu. Tiyon da ke mayar da mai tankin man sitiyari ya fi kyau ya samu tasa ƙofar daban. Idan aka cusa shi a mahaɗa ɗaya da na sitiyari ta yadda mai ke tokare juna, feda takan yi jinkirin dawowa, ko ma birki ya riƙa kama kansa idan an murza sitiyari. Iska a cikin man tana sa famfo kuka da feda rawa, don haka bayan ɗaurawa a ɗaga gaban mota, a murza sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe sau da yawa inji a kashe, ana ƙara mai, kafin a tayar. Babban rauninsa shi ne bel ɗaya ke riƙe da sitiyari da birki. In ya tsinke, ɗan gwangwanin da ke jikinsa mai ajiye matsi zai ba ka taku biyu ko uku, daga nan feda ta ƙage. A riƙa gwada shi: a kashe inji, a jira ɗan lokaci, a taka, in takun farko ya zo da tauri, gwangwanin ya mutu.

Kafin a kashe kuɗi a kan ko wanne, a ɗora agogon awon zuƙa a manifol, wato bututun da inji ke shaƙar iska ta cikinsa. Idan ya nuna 16 ko fiye, busta mai inci 8 mai fata biyu (fatar robar da zuƙar ke ja a cikinta) ta wadatar, don faɗin fatunta biyu ya kai na mai inci 11 mai fata ɗaya. A guji mai inci 7 mai fata ɗaya da ake yawan sayarwa da araha, ta yi wa wannan mota kaɗan. Tazarar sandar busta da fistin masta kada ta wuce kusan rabin milimita, kada kuma sandar ta taɓa fistin, don in ta taɓa shi birki zai riƙa jan taya da zarar ya yi zafi.

Ga C10 da aka rage wa nauyi don filin tsere, mastar Wilwood mai 7/8 ko 15/16 da feda mai ninki 6 zuwa 7 ita ce zaɓi. Ga wadda ke hawa titi da babban kamshaf da faffaɗan tayoyi, Hydro-Boost ya fi, ko da yake ya fi tsada da yawan aiki. Ko wanne aka ɗauka, a sa bawul mai rage matsin baya wanda ake iya murzawa, domin bayan a-kori-kura ba shi da nauyi idan babu kaya, kuma tayoyin baya kan riga na gaba kullewa su juya motar. A gwada a fili babu kowa, ana rage matsin kaɗan-kaɗan har sai na gaba sun fara kullewa tukuna.