Na'urar gwaji ta LCR-T4: ta cancanci kuɗinta, amma ba ta maye gurbin takardar bayanai

Ga mai gyaran amfilifaya da rediyo irina, LCR-T4, na'urar gwada ƙananan kayan lantarki irin su taransista, kaya ce mai amfani. Ƴar ƙarama ce, ba ta da murfi, sai allo mai haske, maɓalli ɗaya, da soket mai hannu da ke maƙale ƙafafun abin da za a gwada. Batir mai volt 9 take ci. Ka sa taransista ka danna, nan take ta faɗa maka irinta, wato NPN ce ko PNP, ta nuna wace ce B, wace ce C, wace ce E cikin ƙafafunta uku, ta ba ka hFE, wato yawan ninka wutar da take yi. Taransistocin da nake cirowa daga tsofaffin alluna, waɗanda lambarsu ta goge, yanzu ba na jefar da su.

Inda nake jan kunnen yaran shagona shi ne, don taransista ta wuce wannan gwajin ba shi ke nuna za ta iya aiki ba. Na'urar tana gwadawa ne da kusan volt 5 da wuta ƴar kaɗan, ƴan miliyamf. Ɗauki taransistar TIP41C, wadda ake sawa a amfilifaya. Takardar bayananta, wadda kamfanin da ya ƙera ta ke fitarwa, ta ce tana jure volt 100 tsakanin C da E, tana ɗaukar amf 6, kuma hFE ɗinta daga 15 zuwa 75 ne lokacin da amf 3 ke bi ta cikinta. LCR-T4 ba ta ko kusantar waɗannan. Na taɓa sayo TIP41C a wani shago, na'urar ta ce lafiyarsu ƙalau, amma da aka ɗora su a amfilifayar masallacin unguwarmu aka ƙara murya, sai hayaƙi. Na fasa ɗaya da filaya, ƙwayar silikon ɗin da ke ciki ba ta kai ta asali ba ko kusa. Jabu ce, kuma na'urar ba ta da hanyar gane haka.

Ko ta asali ma sai an karanta takardar da kyau. Wat 65 ɗin da kowa ke haddacewa, wato iyakar ƙarfin da TIP41C ke jurewa, sharaɗinsa jikin taransistar ya tsaya a digiri 25. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru, ka rage wat 0.52. Idan jikinta ya kai digiri 100, wat 26 kawai ya rage maka, in kuwa babu farantin alminiyon mai janye zafi, wat 2 ne kacal. A zafin Afrilu na Kano, cikin akwatin ƙarfe a rufe, wa zai ga digiri 25?

Sai a kula wajen gwada kwandansa, wato abin da ke tara caji: a sauke cajinta kafin a sa ta a soket, in ba haka ba ta kashe ATmega328, ƴar ƙwaƙwalwar da ke tafiyar da na'urar. Ina kuma cire batir idan zan ajiye ta, kuma na haɗa mata ɗan akwatin roba saboda ƙurar hunturu tana cika soket ɗin.