Girafik dizain ko zanen talla: wanne za ki ɗauka?

Ƙanwata, kin ce kwalejin da kike nema tana da kwas biyu, girafik dizain da zanen talla, kuma da kika duba sai kika ga duk Photoshop da Illustrator ake koyarwa, shi ne kike tambaya ko abu ɗaya ne aka ba suna biyu. Uwa ɗaya uba ɗaya suke, amma kowa da halinsa. Manhajar nan da kika gani ita ce ta haɗa su, kuma ita ce mafi ƙanƙantar abin da za ki koya a cikin kowanne.

Dubi kamfanin Nike. Lanƙwasasshen tambarin nan da ke jikin takalmansu wata ɗalibar girafik dizain ce, Carolyn Davidson, ta zana shi a 1971 tana karatu a jami'ar Portland State ta Amurka. Sai a 1988 kamfanin talla na Wieden+Kennedy ya fito musu da taken Just Do It. Aikin ɗalibar shi ne ta samar da siffar da za a gane ko a jikin ƙaramin kwali ko a kan ƙaton allo, yau da shekara hamsin masu zuwa. Aikin masu tallar kuwa su nemo maganar da za ta taɓa mutum har ya tashi ya saya.

A girafik dizain, kada ki yi mamaki idan aka daɗe ana wahalar da ke da fensir da takarda da almakashi kafin a bar ki da kwamfuta. Wannan tsari na fara koya wa kowa launi da siffa tukuna ya yaɗu ne daga makarantar Bauhaus da Walter Gropius ya buɗe a Jamus a 1919. Daga nan sai haruffa, kuma nan ne ƙashin bayan kwas ɗin. Za ki koyi tazarar da ke tsakanin harafi da harafi, da tsawon layin da ido ke iya bi ba gajiya, da yadda ake jera kanu da ƙaramin kanu da bayani ta yadda mai karatu zai san inda zai fara ba tare da an nuna masa ba. Za ki san abin da ya sa Helvetica, wani salon haruffa da aka fitar a Suwizalan a 1957, ta cika allunan wuraren jama'a da takardun kamfanoni. (Mu masu rubuta Hausa muna da namu ciwon kan a nan, domin salon haruffa da yawa ba su da ɗ da ƙ da ɓ, sai ki ga harafi ɗaya ya fita daban a tsakiyar kalma. Mai dizain ce ake sa ran ta hango wannan kafin a buga.)

Akwai kuma ilimin maɗaba'a, wanda ba ya burge kowa amma shi ke fitar da ke kunya. Allon kwamfuta da haske uku yake haɗa launi, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuma da tawada huɗu, shi ya sa shuɗin da ya haska a allo kan fito a dushe a takarda. Hoton da za a buga ana so ya kai ɗigo 300 a kowane inci. Ana barin rarar milimita 3 a gefe saboda yanka. Tambari kuma da layukan lissafi ake zana shi a Illustrator don a faɗaɗa shi yadda aka ga dama bai farfashe ba. Yanzu kwasa-kwasai da yawa sun ƙara da tsara fuskar manhajar waya.

Zanen talla daga wata tambaya yake farawa: da wa muke magana, kuma me muke so ya yi? Za ki ɗauki darussa kan halayyar mai saye, da binciken kasuwa, da rubutun talla, da tsara kamfen ɗin da zai yi aiki a allon titi da talabijin da Instagram ba tare da saƙon ya sauya ba. Malami zai nemi ki kawo tarin zanen gaggawa, ko da ba su da kyau, ya watsar da kusan duka. Idan zane ya yi kyau amma babu dabara a cikinsa, a wannan ajin ya faɗi. Galibi kuma bibbiyu ake aiki, marubucin talla da mai kula da hoto, al'adar da ake danganta wa Bill Bernbach na kamfanin talla na DDB da aka kafa a 1949. Daga nan ne tallar Volkswagen ta 1959 ta fito: 'yar mitsitsiyar mota a can gefen shafi, sauran fili fari fat, a lokacin da motocin Amurka ke gasar girma.

Bayan karatu, mai dizain tana iya aiki a kamfanin buga littattafai, ko sashen zane na wata ma'aikata, ko ta zauna da kwamfutarta tana karɓar aiki ita kaɗai. Mai zanen talla ta fi buƙatar tawaga, da jimirin tsayawa gaban mai kaya ta kare dabararta, da haƙurin ganin aikin da ta kwana a kai ya yi wata biyu an sauke shi.

Idan har yanzu zuciyarki biyu ce, ni dai dizain zan ce ki ɗauka. Idon da ke gane harafi ya karkace ko shafi ya cushe sai an daɗe ana gyara miki yake samuwa, alhali tunanin talla ana iya ƙaro shi a bakin aiki. Ita kanta tallar Volkswagen ɗin, da Helmut Krone, mai kula da hotonta, bai iya tsara shafi ba, da dabarar ba ta fito ba. Amma in kin lura ke mai son wasa da kalmomi ce, in kin ga allon talla sai ki kama sake masa take a ranki, to kada ki tilasta wa kanki. Ki shiga talla, ki cike darussan zaɓi da na haruffa.

Kafin ki cike fom, sunan kwas kada ya ruɗe ki. Wasu kwalejojin suna ajiye talla a ƙarƙashin sashen kasuwanci ko na aikin jarida, inda za ki sha lacca amma zanen kaɗan ne. Ki nemi jerin darussan kowace shekara, ki ƙirga sa'o'in ɗakin zane, ki tambaya ko ana tura ɗalibai koyon aiki a kamfani. Sannan ki roƙi a nuna miki ayyukan 'yan ajin ƙarshe na kwas biyun, domin irin wannan kundin ne masu ɗaukar aiki za su buɗe kafin su tambayi takardarki.