Kiriyatinin ko sistatin C: wanne ya fi dacewa da ƙodar tsofaffi?

A yawancin ɗakunan gwajin jini na Maradi, kiriyatinin ake aunawa, wani datti ne da ƙoda ke tacewa daga jini. Yana da araha, sakamako na fitowa a yini guda, sai a saka shi cikin wani lissafi da ake kira CKD-EPI a samu kiyasin ƙarfin tacewar ƙoda. Matsalarsa ita ce daga tsoka yake fitowa. Tsohuwa ƴar shekara 75 da ta rame, ba ta da tsokar kirki, kiriyatinin ɗinta zai fito ƙasa, takarda ta ce ƙoda lafiya alhali ta raunana. Wanda kuma ya ci kilishi ko tsire da yawa kafin gwaji, ko yake shan maganin ƙwayoyin cuta kotirimokzazol, nasa zai hau ba tare da ƙodar ta lalace ba.

Sistatin C, wani furotin a jini da ƙoda ke tacewa, bai damu da tsoka ba, don haka ya fi gaskiya ga dattijon da ya rame. Amma yana da tsada, ba kowane wuri ake yinsa ba, kuma maganin kumburi dekzametazon da ciwon makoƙo mai yawan aiki suna ɗaga shi.

Inda ya fi amfani shi ne idan kiyasin tacewar ƙoda daga kiriyatinin ya ba da 45 zuwa 59 kuma babu furotin a fitsari. Haɗa biyun ya fi kowanne shi kaɗai.

Ko wanne aka zaɓa, gwaji ɗaya bai isa ba. Ba a cewa ciwon ƙoda ne mai daɗewa sai an ga, na tsawon wata 3, kiyasin tacewa yana ƙasa da 60, ko albumin (wani furotin) ɗin fitsari ya kai miligiram 30 a kowane giram na kiriyatinin. Jinin da aka ɗiba lokacin bazara, tsoho na fama da gudawa ko ƙishirwar azumi, a sake gwajin bayan ya sha ruwa ya murmure.